Kujerar Wankan da Marlys Ta Tallata

Marlys Haugen ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan kaya ba, kuma jarinta ke nan gaba ɗaya. Ba ta da kyawun da za a tsaya kallo, ba ta iya kwalliya ba, muryarta kuma irin ta matan da suka daɗe suna tsawata wa yara a ɗakin cin abincin makaranta ce, don aikinta ke nan kafin ɓarin jikin mijinta ya shanye. Mijin nata, Orrin, ya faɗi ne a gareji yana neman shebur ɗin kwashe ƙanƙara. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun hagu a lanƙwashe, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi, sai aka ajiye mata zaɓi biyu: ko ta kai shi gidan kula da tsofaffi, ko ta bar aiki ta zauna da shi. Ta bar aikin.

Fanshon da Orrin ke karɓa daga tashar jiragen ruwan dakon tama ta Duluth yana biyan kuɗin gida da na wuta, daga nan ya ƙare. 'Yarsu Joelle, wadda ke aiki a wani ofishin inshora a Minneapolis, ita ta kawo shawara.

"Mama, kullum matan coci suna tambayarki wane cokali kike ba Baba abinci da shi, wane matashi, wane takalmi. Ki riƙa faɗa a bidiyo mana, a biya ki."

"Wa zai biya ni don na yi surutu?"

"Wallahi akwai. Waɗanda ba su kai ki surutu ba ma suna ci da shi."

Abin dillanci ne tsagwaronsa. Mutum ya nuna kaya a bidiyo, ya ajiye link a ƙasa. Duk wanda ya danna ya saya a kantin intanet, kantin ya cire wa mai link kamasho. Mai saye ba ya ƙara ko sisi, dillali kuma ba ya sanin sunan mai saye, adadi kawai yake gani. A faɗi gaskiya, da yawa daga masu wannan sana'a ba su da kunya. Za ka ga yarinya tana rantsuwa a kan man da ba ta taɓa buɗe murfinsa ba, gobe ta rantse a kan wani. Marlys ba ta cikinsu. Abin da bai kwana a gidanta ba, Orrin bai gwada shi ya zage shi ko ya yabe shi ba, ba ta sa shi a gaban waya.

Ranar da Joelle ta buɗe mata asusun, ta ja mata kunne da abu ɗaya.

"Kada ki kuskura ki sayi kaya ta link ɗinki. Dokarsu ce. Suka kama ki, rufe asusun za su yi, ba ruwansu da kukanki."

Marlys mace ce mai tsoron doka. An ce kada ta saya, ita kuwa ta ƙara wa kanta cewa ko taɓawa ba za ta yi ba. Idan ta liƙa link a ƙarƙashin bidiyo, ta gama da shi ke nan, yatsanta ba ya sake bi ta kansa. Ta ɗauki wannan a matsayin tsare mutunci.

Bidiyon da ya ɗaga ta na kujerar wanka ne. Kujera ce mai kauri, ƙafafunta na ƙarfe, ƙasansu da roba mai faɗi da ke kama bahon wanka kamar an manne ta. A bidiyon Orrin yana zaune a kai da gajeren wandon iyo, ya haɗe rai. Marlys ta girgiza shi hagu da dama, kujera ba ta motsa ba. Sannan ta tashe shi, ta hau kujerar da ƙafafunta biyu ta tsaya, ita da ba ƙaramar mace ba.

"Sauko, mata," in ji Orrin da harshensa mai nauyi. "Kujera aka ce an gwada, ba gada ba."

Wannan maganar ce ta yaɗa bidiyon. Mata masu jinyar miji, 'ya'ya masu jinyar uwa, daga Texas har Alberta, suka riƙa turawa juna. Link ɗin kujerar shi kaɗai ya fi duk sauran kawo kuɗi, wata bayan wata, ba tare da ta sake ɗaga yatsa ba. Da shi ake sayen maganin da inshora ta ƙi biya, da shi ake cefane. A taƙaice, da shi Orrin yake kwana a gadonsa, a gidan da ya yi wa rufi da hannunsa.

Wata Lahadi cikin hunturu, bayan an tashi daga coci ana shan kofi a ɗakin ƙasa, ta ji ana cewa Clyde Lund ya faɗi a banɗaki. Clyde abokin aikin Orrin ne tun suna samari, matarsa Bernice kuwa da ita Marlys ke raba sirri. Washegari Marlys ta gasa dankali da niƙaƙƙen nama a babban kwanon tangaran, yadda ake yi wa duk gidan da ciwo ya shiga, ta kunna wa Orrin talabijin, ta ajiye masa waya kusa da hannun dama, ta tafi.

Ta iske Clyde a falo, hannu a ɗaure da filasta, goshi da ɗinki, yana numfashi a hankali saboda haƙarƙari.

"Kin zo ganin gawa?" ya ce. "Ki koma ki gaya wa wancan tsohon na kusa kamo shi. Shi hannun hagu, ni na dama. A haɗa mu a samu mutum guda."

"A samu baki biyu dai, ba aiki," in ji Marlys. "Sannu, Clyde. Garin yaya?"

"Santsi," Bernice ta amsa da sauri. "Santsi ne kawai. Kawo kwanon, ƙawata, kin sha wahala."

Marlys ta bi ta kicin. Ƙofar baya a buɗe take kaɗan, kuma a barandar, kusa da buhun gishirin narka ƙanƙara, ga wata kujerar wanka a kwance, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ciki. Bernice ta matsa ta tsaya a gaban ƙofar tana neman wurin ajiye kwano da ido.

"Bernice, matsa."

"Ba komai ba ne. Tarkace ne za a zubar."

Marlys ta raɓa ta fita. Ta ɗaga kujerar da hannu ɗaya, ta ji ta shafal kamar kwandon wanki. Launin iri ɗaya da tata, siffar ma kusan haka. Amma ƙafafun siraran bututu ne da yatsa zai iya loɓawa, robar ƙasansu kuwa ba ta fi murfin kwalba ba.

"Ina kika samo wannan shirmen? Me ya hana ki tambaye ni? Ni da nake da mai kyau a gida, duniya duk ta sani!"

Bernice ta sunkuyar da kai tana goge hannu da tawul ɗin da ba shi da datti.

"Ai taki ce," ta ce a hankali. "Ta wurinki na saya. Da gwiwar Clyde ta matsa masa, na ce bari in danna na Marlys, ko ba komai ɗan kamashon ya shigo muku. Da ta iso na ga kamar ba ta kai ta bidiyon ba, amma na ce ai ke kin hau kanta kin tsaya. Ban so ki sani ba. Me zai ƙara miki ban da ɓacin rai?"

Daga falo Clyde ya ɗaga murya. "Me kuke ƙus-ƙus? In dai a kan rabon gadona ne, babur ɗin ƙanƙarar na Orrin ne, ya je ya hau in gani!"

Babu wadda ta yi dariya.

Marlys ba ta cire rigar sanyi ba da ta koma gida. Ta zauna a teburin kicin, ta buɗe bidiyon, ta kai yatsa kan link ɗin, a karo na farko tun da ta liƙa shi. Shafin ya buɗe. Sunan kaya yana nan yadda ta san shi. Taurarin yabo suna nan reras, da maganganun mutanen da suka saya tun farko, wasu ma har da sunanta a ciki: na gode wa Marlys, babana ya daina tsoron wanka. Amma sunan mai sayarwa ya canza, hoton kuma, idan aka ƙura masa ido, na kujerar barandar Bernice ne. Wani ya sayi tsohon shafin da yabonsa, ya cire kaya mai kyau ya saka na banza a gurbinsa. Ana yin haka, kuma masu yi sun san sarai wa zai zauna a kan irin wannan kujera. Ta gangara can ƙasa, inda ba kowa ke kaiwa ba, ta ga ƙorafe-ƙorafe sun fara tun ƙarshen bazara. Tun ƙarshen bazara take karɓar kamasho a kan wannan abu tana godiya ga Allah.

Nan take ta cire link ɗin. Sannan ta kira Joelle.

Joelle ta saurara har ƙarshe, ta ja numfashi. "To, kin cire. Madalla. Ki nemo inda ake sayar da ta gasken ki saka sabon link. Shi ke nan, an wuce wurin."

"Waɗanda suka riga suka saya fa?"

"Tsakaninsu da kantin. Ki rubuta wa kantin."

"Na rubuta. Inji ne ya ba ni amsa, wai sun gode da kulawata."

"Mama, ki saurare ni da kyau, aikina ne wannan. Kada ki fito ki ce a yi haƙuri. Kada ki ce laifinki ne. Ko ga Anti Bernice kada ki rubuta shi a waya. Kalmar nan a wurin lauya takardar amsa laifi ce. Wata tsohuwa ta karye a Ohio, ɗanta ya ga bidiyonki kina cewa ni ce, gidan nan za su nema."

"Ashe yanzu ba a ba mutum haƙuri sai an tambayi lauya."

"Ba ni na tsara ƙasar ba. Kuma ko ba a kai ki kotu ba, bidiyon ne abincinku. Kika ɓata shi, wa zai sake danna naki? Ina za ki kai Baba? Ni ɗaki ɗaya gare ni a hawa na uku, kin sani."

Joelle ba muguwa ba ce, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Irin gaskiyar da ke barin mutum ya yi barci da rufin gidansa a kansa ce, wani kuma can ya faɗi a bahon wanka. Marlys ta ce za ta yi tunani.

Tunanin bai da daɗi. Ta buɗe asusunta ta kalli adadin kujerun da aka saya ta hannunta tun bazara. Babu suna ko ɗaya, babu gari, babu lambar waya. Da ta san su, da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kira a asirce, ba wanda zai ji. Amma sana'ar haka aka gina ta: a ba ka ladan mutum, a ɓoye maka fuskarsa. Hanya ɗaya ce tak zuwa gare su, ita ce hanyar da suka biyo suka same ta, a bainar jama'a.

Da safe ta shigar da Orrin wanka. Ta zaunar da shi a kan kujerarsu ta gaske, ta gwada ɗumin ruwa a bayan hannunta, ta fara cuɗa masa baya. A nan ta gaya masa komai, don ta ga shi ne zai biya, ba ita ba. Ta gaya masa na Clyde, da na Joelle, da abin da zai iya biyo baya. Ba ta rage ba, ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Idan kuɗin ya tsaya, sai na koma makaranta aiki. Idan na koma aiki, ba mai zama da kai. Ka san inda hakan ke kaiwa."

Ruwa yana zuba a kan kafaɗar Orrin mara ji. Ya tsani gidan tsofaffi fiye da yadda ya tsani mutuwa. A can yayansa ya ƙare, a gaban taga, sanye da rigar wani.

"Clyde," ya ce daga baya, yana jan kalmar. "Nawa ne nauyinsa?"

"Bai kai ka ba."

"To." Ya buga hannun kujerar da tafin damansa. "Ni na zauna. Ni suka gani. Da wandon iyo, kamar wawa." Ya nuna mata ƙofa. "Ɗauko wayar."

"Orrin, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Hannuna ne ya mutu, mata. Ba kunnena ba."

Ta je gidan Bernice ta ɗauko karyayyar kujerar, Bernice tana bin ta har mota tana cewa don Allah ta bari, ba sai an yi tonon silili ba. Ta ajiye kujerun biyu gefe da gefe a tsakar kicin, ta jingina waya da gwangwanin kofi. Orrin yana gefe a kan kekensa na guragu, wannan karon da riga.

"Sunana Marlys," ta ce wa wayar. "Idan kin sayi kujerar wanka ta link ɗina daga bazara zuwa yau, ki tashi yanzu ki je ki duba. Idan ƙafarta irin wannan ce, kada kowa ya sake zama a kai. An canza kayan, ni kuma ban duba ba. Aikina ne in duba. Abokin mijina ya karye a kanta. Na karɓi kamasho a kan kowace ɗaya. Laifina ne, ku yi haƙuri."

Ta sa gwiwa a kan ɗaya daga ƙafafun da suka rage lafiya ta danna, bututun ya lanƙwashe a gaban kowa.

"Ku jefar," in ji Orrin. "Ko ku ba surukarku."

"Orrin!"

Ta bar maganar tasa a cikin bidiyon, ba ta yanke ba. Amma sabon bidiyo ba ya zuwa inda tsoho ya je, wannan ta sani. Don haka ta koma kan tsohon, wanda har yanzu yake yawo yana kawo mutane, ta goge sunansa ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KU SAYA, KU KALLI GARGAƊINA TUKUNA. Ta san ta yanka shi ke nan da hannunta.

Joelle ta kira tana kuka, ta yi faɗa, ta kashe waya, ta sake kira ta tambayi ko Baba ya sha magani.

Abin da ya biyo baya bai zo da tsari ba. Wasu sun yi godiya. Wata mata daga Kentucky ta rubuta zagi mai tsawo, uwarta ta gurɗe a ƙugu tun kaka, ta ce za ta ga lauya. Marlys ta karanta har ƙarshe, ta amsa mata da lambar wayarta. Matar ba ta kira ba, lauya ma bai rubuto ba, amma Marlys ta daɗe tana tsammanin takardar kotu duk lokacin da motar gidan waya ta tsaya. Wasu suka ce dabara ce ta neman suna. Wani mutum ya turo hoton kujerar a cikin kwandon shara, ƙanƙara ta rufe rabinta, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Mafi yawa ba su ce komai ba, kuma har yau ba ta san ko saƙon ya kai gare su ba.

Kuɗin kuwa ya faɗi, kamar yadda Joelle ta ce. Bai mutu ba, don akwai masu sayen cokali da matashi ta hannunta har yanzu, amma bai isa ya riƙe gida ba. Kafin ƙanƙara ta narke Marlys ta koma ɗakin cin abincin makaranta, aikin safe zuwa azahar. Ba a kai Orrin gidan tsofaffi ba. An samo masa wuri a wata cibiyar yini, inda mota ke zuwa ta ɗauke shi da safe ta dawo da shi da la'asar. A can ana sa su jefa balan-balan da rera waƙoƙin da. Orrin, mutumin da ya yi rayuwarsa yana loda tama a jirgi, ya tsani wurin da zuciya ɗaya, kuma bai ɓoye ba.

Ranar farko ta gyara masa hula a bakin ƙofa, ta saka masa safar hannu a hannun da ba ya jin sanyi. Motar ta tsaya, direba ya sauke ƙarfen ɗaga keke.

"Ka yi haƙuri, tsoho," ta ce.

"Kul. Lauya zai ji."

"Da gaske nake."

"Na sani." Ya kalli motar, da kawunan furfura a bayan gilashi suna leƙensa. "Idan suka ba ni balan-balan, fasa shi zan yi."

"Ka fasa. Amma kada ka zagi kowa ranar farko."

"Gobe fa?"

"Gobe sai mu gani."

Direba ya tura keken ya hau, ya ɗaure shi da bel, ya ja ƙofa. Marlys ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta kulle gida ta nufi tata motar, don yara ba sa jiran kowa idan yunwa ta kama su.